Kafin ka kai goɗiyarka wajen ingarma, zauna mu yi lissafi

Assalamu alaikum jama'a. Maganar barbarar goɗiya ta yi yawa a bakin mutanenmu kwanan nan, daga Mai Wurno zuwa Gadarif har Damazin, kuma dalilin ba ɓoyayye bane, tunda aka fara yaƙin nan na Sudan a watan Afrilu na 2023 mai ya zama abinda ya zama, motar ɗaukar kaya ta yi wuya, sai karo, wato amalanken da dabba ke ja, ya dawo da darajarsa, doki da jaki suka zama sune masu ɗauko ruwa da itace da buhun dawa har da mara lafiya zuwa asibiti. Toh duk mai goɗiya a turke yanzu baya rasa mai ce masa Malam me kake jira ne, ka kai ta a hau mana ka samu dukushi a banza. Ni dai ban taɓa ganin dukushin banza ba, kuma shi yasa nake so mu bi maganar nan a hankali kafin mutum ya kama ragama ya nufi gidan mai ingarma.

Tambayar farko ba ita ce ko goɗiyar zata iya ɗaukar ciki ba, yawancinsu zasu iya. Tambayar ita ce wane aiki kake nema wa wannan ɗan da za a haifa, kuma waye zai ciyar dashi har ya kai ga aikin. Cikin goɗiya wata 11 ne, wajen kwana 340, wata ta rage kaɗan wata ta zarce har ta kusa cika shekara. In ta haihu lafiya zai sha nono wajen wata 6. Daga nan kuma zaman ci ne kawai, babu hawa na kirki sai ya kai shekara 3, jan karo da kaya mai nauyi kuwa in kana tsoron Allah ka bari sai ya shiga 4, don ƙashin bayan doki yana daɗewa bai gama ƙwari ba, wanda aka ɗaura wa karo yana ɗan shekara 2 shine kake gani baya ya lotsa ƙafa ta kumbura tun bai kai ko'ina ba. Kaga kenan daga ranar barbara zuwa ranar da zai shigo maka da jineh na farko ana maganar kusan shekara 5. Tsadar dokin da kake gani a kasuwa yau babu wanda ya yi maka alkawarin zata kai wannan lokacin. Kuma doki in ya samu kulawa yana kai shekara 25 har sama, yaani rai ne ka jawo duniya da zai iya wuce rabin sauran rayuwarka.

In amsarka ita ce ai yara zasu ji daɗin ganinsa yana tsalle a tsakar gida, ko wai don kar jinin goɗiyar ya ɓace, ban raina wannan ba, nima ina son doki kuma kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903 doki ba baƙonsu bane, amma so baya sayen harawa a watan Mayu.

Ka yi lissafin da buhu da dami da jarka, kar ka yi da jineh don kuɗin yau ba shine na gobe ba. Doki yana cin kamar kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a busasshen abinci kullum, goɗiya mai kilo 350 kenan tana son wajen kilo 7, mafi yawansa ciyawa da harawa ba hatsi ba. A watanni 3 na ƙarshen ciki ne ɗan yake yin mafi yawan girmansa, buƙatarta ta ƙaru alhali ciki ya matse wurin abinci, sai ka koma ba ta mai kyau kaɗan-kaɗan sau da yawa. Bayan haihuwa kuwa nan ne ainihin cin yake, mai shayarwa a watannin farko buƙatarta tana kusa ninka ta da, zata iya kai kilo 9 ko 10 a rana, in kuma bata samu ba jikinta zata narkar ta yi nono, shine kake ganin goɗiya da ɗanta a baya haƙarƙari duk a waje kana iya ƙirgawa daga nesa. Ruwa ma haka, wadda jarka 2 mai lita 20 ke isarta a da, in tana shayarwa cikin zafin bazarar nan tamu zata nemi 3 ko 4, in sayen ruwa kake ka saka wannan a takarda. Sannan ka ƙara allurai, maganin tsutsar ciki, maganin kaska, gyaran kofaton dabba biyu maimakon ɗaya, da kuɗin da zaka ajiye gefe na daren da abu ya ƙi.

Akwai asarar da mutane basa sawa a lissafi, wato aikin ita kanta goɗiyar. Mai ciki zata iya aiki mara nauyi a watannin farko da na tsakiya, motsin ma yana mata amfani, amma jan karo cike da buhuna a watanni 3 na ƙarshe zalunci ne, bayan haihuwa kuma tana son hutu na makonni masu yawa kafin a maida ta ko aikin sauƙi, kuma dukushi mai bin karo a kan kwalta tsakanin motoci da raksha ka san ƙarshensa. In wannan goɗiyar ita ce ke ciyar da gidanka, ka tambayi kanka me iyali zasu ci na wata 4 zuwa 5 da zata zauna. In baka da amsa toh amsar ta fito.

Da ka gama haɗa wannan duka sai ka shiga kasuwar dabbobi ka tambayi kuɗin doki ɗan shekara 4 da ya riga ya horu. Sau da yawa zaka ga sayen ya fi sauƙi, kuma na kasuwa kana ganinsa da idonka, ka buɗe bakinsa, ka ɗaga ƙafarsa, ka sa a ja maka shi ka ga tafiyarsa, ka san namiji ne ko mace. Na ciki kuwa babu abinda ka sani, kana son namiji a haifo mace, kana son dogo ya fito gajere, ko ciki ya zube a wata na 8 ka tashi da cin wata 8 a banza.

Sai maganar da bana so in yi amma dole, zaman lafiyar inda kake. Da yawa daga cikinmu sun ga yadda ake barin gida cikin dare da abinda hannu ya iya ɗauka. Goɗiya mai tsohon ciki ko mai ɗan sati ɗaya bata tafiyar kwana da kwanaki, kuma doki abu ne da idon ɓarawo da ɗan bindiga ke kai. In hankalinka bai kwanta da garinku ba na shekara mai zuwa, ka jinkirta, goɗiyar bata gudu.

Toh a ce duk wannan ka tsallake, kana da abinci kana da wuri kana da aikin da zaka ba ɗan. Yanzu sai a dubi ita goɗiyar da idon gaskiya ba idon so ba, gara ma ka kira wani dattijo masanin doki wanda baya jin kunyarka ya duba maka. Dalilai uku nake yawan ji kuma duk ukun basu yi mini ba. Na ɗaya wai ta gurgunce bata iya aiki, bari ko ɗa ta bamu. In rauni ne na hatsari kuma ya warke tana taka ƙafa huɗu ba ciwo, babu laifi, amma in har yanzu tana ɗingishi ka tuna ciki zai ɗora mata ƙarin nauyi mai yawa a kan wannan ƙafar, in kuma gurguntar daga halittar ƙafa ne, karkatacciyar gwiwa ko kofato mai tsayuwa a tsaye ko mai saurin tsagewa, toh gado ka shirya rabawa. Na biyu wai tana da cizo da harbi, in ta haihu zata yi sanyi. Ba ta yi. Hali ana gadonsa kuma ana koyonsa, dukushi wata 6 yake manne da uwarsa yana kallon yadda take yi da mutane, barewa bata gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai ka wayi gari da masu harbi biyu a gida mai ƙananan yara. Na uku wai ta tsufa bari mu yi sauri ta bar mana baya. Wadda ta saba haihuwa tana iya ci gaba har ta haura shekara 15 in jiki na da kyau, amma wadda bata taɓa yi ba a fara mata a wannan shekarun, ɗaukar cikin na wuya, riƙe shi na wuya, haihuwar ma ta fi hatsari. Ta ɗaya gefen kuma dukusa 'yar shekara 2 zata iya ɗaukar ciki amma ita kanta bata gama girma ba, a bari ta kai 4, in an matsa 3.

Ka shafa gefenta, abinda ake so hannu ya ji haƙarƙari amma ido kar ya gani. Ramammiya bata riƙe ciki da kyau, mai ƙiba sosai itama tata matsalar daban. Ka buɗe baki ka ga ko haƙoran sama da na ƙasa sun haɗu daidai, wadda na sama suka zarce sosai tana wahalar tsinkar ciyawa kuma ana gadon abin. Ka ɗaga wutsiya ka dubi gabanta, ya kamata ya tsaya a miƙe ya rufu ruf, in ya kwanta ciki ƙarƙashin dubura yadda kashi ke zuba a kai, ko yana shan iska in tana tafiya, ko akwai wani ruwa mai wari da ya bushe a cinyoyi, wannan mahaifar tana iya ɗauke da cuta kuma sai likita ya gani kafin a yi zancen ingarma. In sayenta ka yi ka binciki tarihinta wajen wanda ba dillali ba, ta taɓa haihuwa, ta taɓa ɓari, ta taɓa ƙin ɗanta, mabiyiya ta taɓa maƙalewa.

Shi kuma ingarman, dan Allah kar ya zama na maƙwabci kawai don shine kusa. A ƙananan garuruwanmu zaka samu ingarma ɗaya shine uban rabin dawakin unguwa, in baka bincika ba sai ka kai 'ya wajen ubanta. Ka nemi ganin 'ya'yansa da suka girma, su ne shaidarsa ba kwalliyar sirdinsa ba. Ka tabbatar marainansa biyu duk sun sauko, don mai guda ɗaya yana iya gadar wa 'ya'yansa. Ka zaɓi wanda yake da kyau a inda goɗiyarka ta gaza, in ƙafafunta sirara ne ka nemi mai ƙashi. Sannan ka dubi aikin da ka ce zaka ba ɗan. A Sudan muna da Dongolawi, dogo mai gantsararren hanci, wanda jininsa ya kai har Borno da ƙasar Hausa, muna da ɗan Gharbawi na Darfur da Kordofan, ƙarami amma mai jure yunwa da ƙishi da doguwar tafiya, akwai kuma waɗanda aka gauraya da jinin dawakin tseren Ingila a wajen Khartum saboda sukuwa. In karo da gona kake nufi, jinin tsere ba gata ka yi wa kanka ba, ya fi ci, ya fi zafin kai, kuma baya jure abinda ɗan ƙasa ke jurewa. Ni in nine zan ɗauki ɗan ƙasa mai sanyin hali da kofato mai ƙwari in bar wa masu filin tsere nasu.

Akwai cutar da ake ɗauka ta barbara wadda likitoci ke kira durin, babu rigakafinta, tana kashe dawaki da yawa, kuma sananniya ce a Habasha, don haka mutanen Gadarif da duk inda dawaki ke tsallako iyaka su buɗe ido. Alamunta kumburin gaba ko na maraina da zuwa ƙarƙashin ciki, ruwa na fita, wasu faifai da ke tasowa a fata su ɓace su dawo, rama alhali ana ci, daga baya ƙafafun baya su fara tangaɗi. Matsalar ita ce ingarma zai iya ɗauke da ita yana nan garau a ido. In akwai inda ake gwajin jini kusa da kai a yi wa su biyun, in babu toh aƙalla kar ka kai wa baƙon ingarma da ba a san daga inda ya fito ba, kuma ka tambayi lafiyar goɗiyoyin da ya hau a shekarar da ta wuce.

Maganar kuɗin barbara kuma akwai addini a ciki, ba ciniki bane kamar na tumatir. Ya tabbata a hadisi Annabi SAW ya hana karɓar kuɗin barbarar namijin dabba, an kuma ruwaito sassauci kan kyautar da mai dabba ya bayar da kansa ba tare da sharaɗi ba. Malamanmu na Malikiyya suka ce abinda aka hana shine a yi jinga kan sai ta ɗauki ciki, don wannan ba a hannun kowa yake ba, amma hayar ingarma na kwanaki sanannu ko hawa sananne ya halatta. Ka je wajen malamin unguwarku ku daidaita kafin, kuma ku faɗa a gaban shaidu me zai faru in bata kama ba, rigimar da wannan ke jawowa tsakanin maƙwabta ba kaɗan bace.

Yanzu baitari. Ka ɗauko wayarka ka duba, akwai lambar likitan dabbobi ko ma'aikacin dabbobi da ya san doki wanda zai ɗaga in ka kira ƙarfe 2 na dare, kuma akwai hanyar da zai iso? In babu wannan babban dalili ne na fasawa, don haihuwar goɗiya ba kamar ta saniya bace da zata yi sa'o'i tana fama ɗan na nan da rai. Kafin barbara a ba ta maganin tsutsa, a cire kaska, a gyara haƙori da kofato, a yi rigakafin najma, wato annobar dawaki. Wanda ya taɓa ganin najma baya wasa da ita, zazzaɓi, ramin saman ido ya kumbura, numfashi ya gagara, kumfa ta hanci, doki lafiyayye jiya yau ana jansa bayan gari. Wasu ƙananan ƙwari ne da basu kai sauro ba suke yaɗa ta, suna cizo daga magariba zuwa safiya, kuma damina da bayanta ne lokacinsu. Allurar ana yinta kafin damina duk shekara, likitoci kuma basa son a yi ta a farkon ciki. Allurar titanos itama a yi, sannan a maimaita saura sati 4 zuwa 6 ta haihu don kariyar ta shiga dakashi.

Wannan ya kawo mu ga lokaci, kuma nan ne nake ganin an fi yin sakaci, ana kaiwa duk ranar da aka ga dama. Tunda ciki wata 11 ne, watan da ka yi barbara ka ja baya da ɗaya shine watan haihuwa. Ka kai ta a Mayu ta haihu a Afrilu, tsakiyar zafi, ba ɗanyar ciyawa, harawa ta yi tsada, ruwa ya ja baya. Ka kai ta a Satumba ta haihu a Agusta, ƙuda da sauro da taɓo, kuma duk wanda ya san baƙar ƙasar Gadarif da Sinnar a kharif, wato damina, ya san ko tarakta sai ta yi da gaske balle babur ɗin baitari. A ganina a wannan yankin namu barbarar Disamba ko Janairu ta fi, ta haihu Nuwamba ko Disamba, watannin ƙarshen cikinta sun faɗo lokacin da ciyawa ke nan, haihuwa ta zo ana girbi harawar wake da ta gyaɗa na araha, sanyi ya shigo ƙwari sun ragu hanya ta bushe, kuma lokacin allurar najma na gaba ta riga ta wuce farkon ciki. Illarsa ɗaya, yaye zai faɗo a bazara, don haka tun a kaka zaka tara harawar da zata kai ku. Wasu goɗiyoyin neman ingarmansu yana yin rauni a sanyi, in taka haka take sai ka matsa zuwa Fabrairu.

Neman yana zagayowa kamar duk kwana 21, yana ɗaukar kwana 5 zuwa 7. Zaka ga tana ɗaga wutsiya, tana tsugunawa tana fitsari kaɗan-kaɗan, tana tsayawa in ta ji ingarma maimakon ta kwantar da kunne ta yi harbi. Ƙwan yana sauka ne dab da ƙarshen neman, saura kwana 1 ko 2, shi yasa hawan ranar farko kaɗai sau da yawa baya kamawa, a fara daga rana ta 2 ko ta 3 ana tsallake kwana ɗaya har ta ƙi. A fara gwada su da katanga ko danga mai ƙarfi a tsakani, in bata so kar a ɗaure ta a tilasta, haka ake karya ƙafar ingarma ko a ji wa mai riƙo. A wanke su da ruwa mai tsabta, a naɗe mata gashin wutsiya, yara su bar wurin. Ka rubuta ranar hawa na ƙarshe a wani wuri da ba zai ɓata ba. Bayan kwana 18 zuwa 21 a sake nuna mata ingarma, in ta ƙi akwai alamar ta kama. Inda ake da na'urar hoton ciki a yi a kwana na 14 zuwa 16, babban amfaninsa gano tagwaye, don tagwaye a wajen goɗiya ba abin murna bane, yawanci ɓari ne a ƙarshen ciki ko a haifo su ba ƙarfi, kuma a wannan kwanakin ne likita zai iya gyarawa. Kar ka yarda wanda bai koya ba ya zura hannu ta dubura wai zai duba ciki, hanji na yagewa kuma goɗiya na mutuwa a haka.

Wajen abinci akwai abu guda da nake roƙon kowa ya riƙe don ya shafe mu kai tsaye. Ɗanyar ciyawar abu sab'in da ciyawar garawi da gyauron dawa, duk dangin dawa ne, kuma doki in ya daɗe yana kiwonsu ɗanye suna taɓa masa jijiyar baya, fitsari ya dinga ɗiga ba tsayawa, ƙafar baya na tangaɗi, mai ciki kuma ta yi ɓari ko ta haifi ɗa da gaɓoɓi a sandare. Ƙarami mai tohowa da wanda fari ya buga sun fi sharri. Mu kuwa shine ciyawar da ta fi yawa a kasuwa, don haka mai ciki a nisanta ta da shi, a nema mata barsim, wato ciyawar alfalfa, harawar wake, harawar gyaɗa da ingirici mai kyau. Dusa kuma kar ta zama ita ce rabin abinci, yawanta ba tare da barsim ko harawa ba yana zuƙe ƙashi har fuska ta kumbura. Ambaz, wato tunkuzar da ke raguwa bayan an matse mai, kaɗan ya isa, kuma duk abinda ya yi funfuna, ambaz ne ko harawa, a zubar, kar a ce asara. Gishiri ya zauna a gabanta kullum.

Wurin haihuwa ya zama mai faɗi yadda zata kwanta ta miƙe, busasshe, an share an shimfiɗa ciyawa mai tsabta, ba turke ba igiya a ƙafa, ba jaki ba ingarma ba karnuka. Hantsa tana fara cika saura sati 2 zuwa 6, in ka ga wani abu kamar kakin zuma a kan nono yawanci saura kwana 1 ko 2, daga nan barcinka ya koma kusa da ita da tocila mai caji, don da dare suka fi haihuwa. In hantsa ta cika nono na zuba tun ciki na wata 8 ko 9 wannan ba alheri bane, a kira likita. Da faya ta fashe ka dubi agogo, cikin minti 20 zuwa 30 ya kamata ɗa ya fito, farar jaka ta fara leƙowa, ƙafafun gaba biyu tafin kofato na kallon ƙasa ɗaya ta ɗan riga ɗaya, hanci a kansu. In minti 10 zuwa 15 ya wuce tana yunƙuri ba komai, ko ƙafa ɗaya ce kawai, ko tafin na kallon sama, kira baitari nan take, a tashe ta a dinga zagayawa da ita kafin ya iso, kar a tara ƙarti su ja da igiya. In kuma jar jaka ce mai kauri ta fito maimakon fara, mabiyiya ce ta rabu da wuri ɗan baya samun iska, wannan ba a jiran kowa, ka yaga ta da hannu ko almakashi mai tsabta ka taimaka ya fito.

Bayan ya faɗo ka cire jaka daga hancinsa ka ja baya ka barsu, cibiya zata tsinke da kanta, ka tsoma guntun cikin ruwan aidin da aka sirka, banda toka banda kashin shanu banda man mota. Cikin awa 1 ya tashi, cikin awa 2 ya kama nono, cikin awa 3 mabiyiya ta faɗi. Dakashin nan da wasu ke tatsewa su zubar wai ƙazanta ne shine duk kariyar da yake da ita, an haife shi ba garkuwa, kuma hanjinsa na iya ɗaukarta ne a sa'o'in farko kawai, bayan kwana ɗaya ƙofar ta rufe, in ya kasa kamawa ka tatsa ka ba shi a hankali yana tsaye ko a zaune kan ƙirji. Mabiyiya in ta wuce awa 3 kar a ja, a ƙulle ta sama kar ta taka a nemo likita a daren, don ko ɗan guntu ya rage a ciki yana iya zama zazzaɓi da ciwon kofato da zai kwantar da goɗiya har abada, in ta faɗi ma ka shimfiɗa ta a ƙasa ka duba ko ta cika. Ka lura ya yi kashin farko, baƙi mai tauri, in yana ta yunƙuri wutsiya a sama ba komai shima matsala ce.

Wajen kwana 7 zuwa 12 da haihuwa zata sake nema, a nan ne masu haɗama ke maida ta wajen ingarma. Goɗiyar da ke aiki kuma abincinta na awo ne, ka bar ta ta yaye wannan ta maida jiki tukuna. In namiji ta haifa ka san kafin ya cika shekara sai ka raba masa wuri da uwarsa da duk wata mace, wato turke na biyu da rumfa ta biyu, kuma tunda mu bamu cika yin fiɗiyar doki ba ka shirya zama da ingarma mai haniniya a cikin gida ko ka san tun yanzu wa zaka ba, mutumin da ka ga yadda yake riƙon dabbarsa.

In ka bi duk wannan ka ga bana bai yi ba, babu abinda zai samu goɗiyarka don bata haihu ba, maganar wai rashin haihuwa na sa mata ciwo ba gaskiya bace. Abinda ya rage shine ka tsare ta, don cikin da ba a shirya ba a mashaya da bakin kasuwa da makiyaya ake ɗaukarsa. Kwanakin da take nema kar a sake ta da dawakin gari, kar a ba ƙaramin yaro ya kai ta ruwa shi kaɗai, a tashar karo a ɗaure ta nesa da maza, jaki ma a kula dashi don shima yana hawa, kuma ka gaya wa maƙwabcinka mai ingarma ya duba igiyarsa da dare.